Muryar Mas'ud a Tallar Shayi

Anka

Zuwa ga Malam Shitu, Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ya ƙarin haƙurinmu? Ni ne Faruku, ƙanen amininka marigayi Mas'ud. Tun da aka katse layukan waya a Zamfara muka koma ga takarda, shi ya sa ka ga wannan a hannun direba.

Magana ɗaya ce ta sa na rubuto. Tallar shayin nan da Yaya ya ɗora wa murya har yanzu ana sa ta a talabijin. Ranar addu'ar bakwai muna zaune a ƙofar gidanmu a Gummi, liman na tsakiyar addu'a, sai ga muryarsa daga shagon askin da ke kallonmu, yana dariya yana cewa, "Inna, ajiye aikin nan, zo ki sha shayi." Manya suka sunkuyar da kai, yara suka fashe da dariya. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutum yana kwance a kabari, ana tallar shayi da shi? Shekarun da ya yi yana fim sun isa, a bar shi ya huta.

Kai ka haɗa shi da kamfanin, don haka kai nake roƙo ka sa su cire. Ban tuntuɓi Inna ba, don ba abin da ya dame ta ba ne. Ka san ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗa, ba ta taɓa kallon fim ɗinsa ba, ranar rasuwar ma ba wanda ya ga hawayenta.

Ka huta lafiya. Naka,
Faruku

Kaduna

Ƙanena Faruku,

Wa alaikumus salam. Haƙuri sai ma'aiki, Allah Ya jiƙan Mas'ud. Takardarka ta zo, na karanta na yi dariya, na kuma yi kuka. Da yana nan cewa zai yi, "Malamin makaranta ya fara gyaran nasa."

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. A rubutun da kamfanin ya ba mu "Mama" aka sa. Yayanka ya tuɓure, ya ce shi bai da Mama, Inna gare shi. Muka yini ana ɗauka yana cewa a sake, bai fito yadda yake so ba. Ni dai da ka nemi shawarata, da na ce a bar ta. Amma ku ne masu jini, ni abokin aiki ne kawai.

Na kai kukanka wurin kamfanin, ba su yi musu ba. Za su ba wani jarumin ya maimaita maganar, hoton yana nan yadda yake tunda dama fuskarsa ba ta ciki.

A gaida Inna da Dija.
Shitu

Gummi

Yaya Faruku,

Ina gaisuwa, ya aiki, ya su Surayya da yara? Mu nan lafiya sai abin da ba a rasa ba. Direba ya ce mini kai ka sa aka cire muryar Yaya Mas'ud. Sannu da ƙoƙari, Malam! Kana can Anka kana yanke hukunci a kan gidan da sai ka ga dama kake leƙowa.

To ka ji. Tun ranar da aka fara sa tallar nan, kullum bayan La'asar Inna kan ɗauko faifan shinkafarta ta zauna bakin ƙofar ɗakina, wai nan haske ya fi. Baya take juya wa talabijin, ko waiwaye ba ta yi. Amma da ya ce "Inna," sai hannunta ya tsaya cak cikin shinkafa har ya gama. Bayan rasuwar, rannan da kunnena na ji ta amsa masa a hankali, "To." Na yi kamar ban ji ba, don da ta san na gane da ba ta ƙara zuwa ba.

Ranar Talata ta zauna kamar kullum, sai wata baƙuwar murya ta ce ta zo ta sha shayi. Karo na farko ke nan da ta juyo ta dubi akwatin. Ta ce, "Wane na wanga?" Ta tattara faifanta ta shige ɗaki.

Tun daga nan ba ta sake fitowa tsakar gida ba sai alwala. Fura kaɗai take kurɓa, ita ma sai na yi da gaske. Ban da wanda zan yi wa faɗa sai kai, shi ya sa na rubuto.

Ƙanwarka,
Dija

Kaduna

Faruku,

Salam. Na ga saƙonka na biyu, rubutun ma da ƙyar na karanta shi. Kada ka kashe kanka da zargi, niyyarka mai kyau ce. Na koma wurinsu har na gaji da zarya, amma bakin alƙalami ya bushe. Sun sa hannu da sabon jarumin, ba za su dawo da ta Mas'ud ba.

Ga ƙaramar rediyo mai kati nan na ba direba. Na zuba muryar a ciki, maɓalli ɗaya za a danna. Ka kai mata da kanka.

Allah Ya ba ta lafiya.
Shitu

Gummi

Malam Shitu,

Assalamu alaikum. Na gode da ɗawainiya, Allah Ya saka da alheri.

Na kai mata. Na durƙusa na faɗi abin da na yi, na ce ga muryar nan, duk lokacin da take so sai ta yi magana a kunna mata. Ta dube ni ta ce, "Wa yac ce maka ina saurare?" A nan na gane na sake ɓata wani abin. Na tona mata abin da ta ɓoye, kuma na ce ta buɗe baki ta nemi ɗan da ko sunansa ba ta iya kira.

Washegari bayan La'asar Dija ta kunna rediyon a nata ɗakin, kamar talabijin ce. Inna ta bari har ya gama, sannan ta ɗaga murya daga kan gadonta. "Ku bar wahal da kanku. Wancan shi ka zuwa da kainai. Wanga ku kunka ɗauko shi."

Na ɗauki hutu, ina nan Gummi. Rediyon tana kan tagar Inna da sabon batir. Ba ta taɓa ta ba, kuma ba ta ce a ɗauke ba.

Ka sa mu a addu'a. Naka,
Faruku