Ya Cire Sarewar

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Umma, ya yara? Ni lafiya lau nake, in ban da ɗan tarin nan da ba ya hana ni aiki. Kada ka gaya mata.

Ka tuna mutumin da yake yi wa fina-finai kiɗa, wanda muka haddace sautinsa tun muna yara? To, a gidansa nake aiki yanzu. Ya tsufa, ido ya tafi, ni nake masa jagora. Ranar farko na kasa riƙe bakina, na rera masa kiɗan wani tsohon fim ɗinsa tiryan-tiryan. Ya ce na fi 'ya'yansa saninsa.

Kai ka fara gano dabararsa: duk wanda zai mutu a fim, sai ya cire sarewa daga kiɗan mutumin, ya bar ganga kaɗai. Jarumi na dariya, mu gabanmu na faɗuwa.

Wata biyu ke nan yana haɗa mini nawa kiɗan, mai ganga da sarewa. Yakan ce in zauna kusa da shi in yi shiru, wai numfashina yake saurare. Wallahi ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba.

Jiya na yi tari ina goge masa fiyanon da yake kiɗa da shi, sai ya juyo ya kasa kunne. Yau da safe ya kunna mini kiɗan, babu sarewar. Na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Yaushe rabonka da likita?"

Allah ya bar zumunci. Ku sa ni a addu'a, kuma ka turo mini hoton Umma.

Ƙaninka.