Iska a Kwalin Doreen

Yaya Hajo,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ni ƙalau, barci ne dai sai a hankali.

Kantinmu na kayan 'yan mata a garin Hull, nan Ingila, zai rufe bayan ya shekara sittin yana aiki. Mutum-mutumin da muke sa wa riguna, da kamannin fuskar wata mata mai suna Doreen aka ƙera shi tana budurwa. Yanzu ta tsufa tukuf, amma kullum sai ta zo kallonsa.

Shekaranjiya manaja ya liƙe shi a kwali. Raina bai kwanta ba, na huda kwalin a ɓoye don ya sha iska, ba wanda ya gani.

Yau Doreen ta dafa ni, tana haki: "Na gode, 'yar nan. Ƙara huji ɗaya, saitin hanci."

Na ƙara. A sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Uwani