Baba Ya Nemi Fuskarka a Hoto

Makoda, ranar Talata.

Zuwa ga Yayana Kamilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a ramukan zinariyar nan na hamadar Agadas. Mu ma lafiya lau, sai tsadar abinci da ta ishi kowa. Lambarka ta daina shiga tun ƙaramar salla, shi ya sa na ba da takardar nan ga Sama'ilu direba, mai kai gero Agadas daga Dawanau, ko Allah zai haɗa ku.

Ka san tun rasuwar Inna, Baba ba ya wuce zaure da masallaci, ga yanar ido ta fara cin ƙarfinsa. Makon jiya maigidana Malam Hadi ya dawo daga makaranta da labarin an baje kolin ƙasusuwan wasu manyan dabbobin zamanin da, waɗanda ake kira dainoso, a wani gidan tarihi cikin Kano, kuma wai daga hamadar Agadas aka tono su. Yara yake ba labarin. Baba na jin an ambaci Agadas ya ɗago kai, ya ce a nemo masa babbar rigarsa, da shi za a je.

Ranar Asabar muka shiga bas mu biyar, har da yarana Luba da Kaltume. Wallahi Yaya, abin sai wanda ya gani. Ƙashin cinya ɗaya ya fi ni tsawo, kan dabbar ya kusa taɓa rufi. Kaltume ta maƙale a zanena tana kuka, Luba kuwa sai ƙirga haƙora take. Baba ko kallon dabbar bai yi ba. Wani babban hoto ya nufa a jikin bango, na masu tono tsugune cikin rairayi da rawuna. Ya kai fuskarsa dab da shi, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Mai yi mana bayani ya gaya masa cikin ladabi cewa hoton ya fi shekara ashirin. Baba ya ce ya ji. Duk da haka ya kira Luba, ya ce idonta ya fi nasa, ta duba masa ko kawunta na ciki. Sannan ya tambayi mutumin ko akwai ruwan sha a wajen. Ni dai fita na yi, don kada yara su ga hawayena.

A hanyar dawowa ya sa aka sauke mu a gonarmu ta bakin kwazazzabo. Ba za ka gane ta ba. Ruwan bara ya yanke kusan kashi ɗaya cikin uku, tsamiyar kan iyaka ta rufta, sai jar gaɓa mai zurfin mutum biyu. Yara suka gangara wai neman ƙashi. Baba ya zauna a baki yana duban gonar. Daga baya ya ce shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka san iyakar gonar nan, sai kai, domin kai ya nuna wa. Ya ce buhunan yashin tare ruwa sun fi ƙarfin hannunsa, kuma ba zai roƙi surukinsa aikin ɗansa ba.

Yaya, shekara huɗu ke nan da tafiyarka. Ba wanda ke jiran ka dawo da wani abu. In ba ka samu ba, ba kai kaɗai ba ne, kuma babu mai yi maka gori a gidan nan. Ka zo kafin damina ta sauka. Baba bai ce in rubuta maka ba, amma da ya ji ina neman Sama'ilu, sai ya ce in gaya masa in wuri ya yi wuya a motar dawowa, ya rage buhu ɗaya ya bar maka wajen zama.

Malam Hadi yana gaishe ka, haka Gwaggo Maijidda da su Luba. Ka gaishe mana da abokinka Ɗanliti in har yanzu kuna tare. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Safiyatu