Bidiyon Bandeji da Idon Mama

Anti Sumayya, don Allah ki taimake ni kafin in yi wa yayana rashin kunya a bainar jama'a.

Mahaifiyarmu tana zaune da ni a Kuje. Cutar yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara. Likita ya ce aikin ƙarami ne, har an ba mu rana. Sai Yaya Badamasi, wanda shi ne babbanmu tun rasuwar Baba, ya ce atafau bai yarda ba. Dalilinsa wani bidiyo ne da aka turo masa a waya: tsofaffi jere a kan benci, idanu a naɗe da bandeji, wata murya tana ta rantsuwa wai an ƙwaƙule idanun an kai Turai an sayar. Mutumin nan fa digiri gare shi, amma duk abin da ya motsa a wayarsa ya zama wahayi. Shekaranjiya Mama ta tsoma hannu a miya mai tafasa tana laluben ludayi. Ni ke jinya, shi yana Utako sai turo bidiyo. Ya ce in na kai ta asibiti, babu ni babu shi. Wallahi na fara raina shi, kuma abin yana damuna.

Ƙanwar da ta gaji, Kuje

Ƙanwata,

Na kalli bidiyon da kika haɗo, kuma shirme ne tsagwaronsa. Kashe sautin ki sake kallo. Abin da ya rage tsofaffi ne da bandeji, yadda kowa ke fitowa daga aikin ido. Satar ba ta cikin hoton, tana bakin mai muryar, gwarzon da bai iya faɗin sunansa ba, balle garin ko ranar. Ya gano ta'asa irin wannan, amma bai ɗaga bandeji ko ɗaya ba, bai bar tsoho ko ɗaya ya yi magana ba. Rantsuwa kuwa kyauta ce, kowane maƙaryaci yana da ita.

Amma yayanki ba ƙin Mama yake ba, tsoro ne ya kama shi, kuma aikin ido abin tambaya ne. Ki ajiye rainin, kada kuma ki kai ta a ɓoye. Nemi izinin likitan, ki ja Badamasi asibitin da safiyar da ake kwance wa marasa lafiya bandeji. Ya tsaya ya gani, ya tambayi duk wanda ya ga dama.

Sannan ku zauna gaban Mama ku tambaye ta, don a duk wasiƙarki ban ji inda wani ya yi haka ba. Idon nata ne, ba na babban ɗa ba. Ita kaɗai ce a gidanku ba ta iya kallon bidiyon nan, kuma ita ce zai makantar in kuka bari.

Allah ya ba ta lafiya, ya sa ta ga fuskokinku tare.