Kaka ta Ƙwace Min Hira

Yaya Smaranda,

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: don wannan jirgin ruwan na ɗinka shuɗiyar rigata. Na zaci zan sauko daga bene kamar a littattafaina, wani ya ɗago kai ya manta da cokalinsa.

Ina gaishe ki. Ya Mama, ya jaririnki? Ni da Kaka lafiya lau muke. Ɗakinmu dai ba taga, in kin ja labule bango za ki gani. Kaka ma ta shanya safa a kai.

A nan teburin da aka ba ka ranar farko, a kansa za ka ci har a sauka. A namu akwai wani saurayi, Horia, ɗan garin Braşov. Jiya ya tambaye ni me nake karantawa. Kafin in buɗe baki Kaka ta ce, "Shirmen soyayya, ɗana. Kar ka matsa mata, tun safe take amai." Sannan ta zaro kwalbar zacusca, miyar nan ta yalo da tattasai, daga jaka, wai abincin jirgin salam yake, ta shafa masa a burodi. Yanzu da ita yake hira.

Jibi za mu sauka, ko kalma ban ce masa ba. So nake ta yi shiru sau ɗaya, amma ba zan iya faɗa mata ido da ido ba.

Allah ya raya mana yaron.

Kin san Kaka ba ta aika wasiƙa sai ta karanta. Na so ɓoye wannan, na fasa. Ita zan miƙa wa, ko liƙewa ba zan yi ba.

Ƙanwarki,
Ilinca