Jar shinkafar Mma

Tamale, daren Alhamis, tsakiyar damina

Yau aka yi noman shinkafarmu. Ƙanena Fuseini ya bi gonar da manhajar wayar da aka koya wa gane ciyawa daga hotuna. Duk abin da ta kira shinkafar daji, 'yan ƙwadago suka tuge, har da kusurwar da na shuka jar shinkafar mahaifiyarmu, marigayiya Mma, ragowar irin da ta bari. Manhajar ba ta taɓa ganin irinta ba.

"Yaya, wallahi waya ce ta ce ciyawa ce," in ji shi. Ban yi faɗa ba.

Na tsinto 'yan tsirran jar shinkafar a tarin ciyawar, na dasa a bokiti. Sun langaɓe. Yanzu na sake ba su ruwa, ko da yake na san ba ƙishirwa ke damun su ba.