Rantsuwar Ammu Hizam da Jirgin da Bai Iso Ba

Zuwa ga Yayata Takiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na ji kakarmu Jadda ta daina fitowa tsakar gida, abinci ma sai an lallaɓa ta. Allah ya ba ta sauƙi. Mu nan Fresno ƙalau muke, kanti na tafiya, an gama tsinkar inabi.

Kin tambaya ko har yanzu baffanmu Ammu Hizam na kan bakansa. Abin ya daɗe, bari in tuna miki. A shekarar 2008 aka tambayi mutanen jiharmu ta California ko sun yarda gwamnati ta ciwo bashi ta shimfiɗa jirgin ƙasa mai gudun tsiya. Ƙuri'arsa ta farko ke nan bayan ya sami takardun ƙasa, ya dangwala wa "e". Abokansa suka yi ta masa dariya, wai ya sayi kifi a ruwa. Zuciya ta ɗebe shi, ya rantse da Allah ba zai taka garinmu Ibb ba sai ya hau jirgin nan. To, ginshiƙan gadar jirgin sun tashi, tsuntsaye sun yi sheƙa a kai, jirgi shiru, ita kuma mahaifiyarsa Jadda tana ta tsufa.

Ni dai iyakata allo, amma na san kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ce. Na faɗa masa, ya ce in kama kaina, ɗan jakin da bai iya jera madara a firji ba shi zai yi masa fatawa? Sai na sa dabara. Ranar Talata na gayyato ma'aikatan ginshiƙan su goma, na ce musu Ammu ne ke walima. Baƙo ya shigo, kin san ba ya iya kora. Ya sa aka dafa miyar salta irin ta gida da shinkafa, yana yi musu ƙari da hannunsa, yana tambayarsu yaushe jirgi. Babbansu, Ramiro, ya ce shi ma jikarsa yake wa tanadin kujera.

Da suka tafi na ce masa barka, kaffara ta biyu. Ya jefe ni da takalmi. Ya kira ni maƙaryacin banza, ya ce waɗannan da albashinsu ya fi cinikinsa ne miskinai? Kuma ina niyya, ko malamina bai kai ni nan ba? Na ce ashe ya san hukuncin sarai. Sai ya shiga lissafin sigari.

Ranar Juma'a bayan masallaci na ga ya loda tukwane a mota shi kaɗai, ya nufi rumfunan masu tsinkar inabi da aikinsu ya ƙare. Bai ce in raka shi ba, ban tambaya ba. Da ya dawo ya ce ƙuri'arsa dai tana nan, bai janye ba, jirgi zai zo ko da bayan ransa. Sannan ya tambaye ni ina na kai babban akwatinsa.

Saboda haka ki share ɗakin sama, zai biyo ta Aden. Kada ki gaya wa Jadda sai ya sauka, kuma kowa ya kama bakinsa kan zancen jirgi.

Ki gaishe da Jadda, da innarmu Khala Nuriya, da maigidanki Musid, da 'yarki Arwa mai kukan banza.

Ƙaninki da aka bar wa kanti,
Nagi